Za Ka Girma Ka Cika Ta

…kuma ba launin ne ya dame ta ba. Launi ai kowa na canzawa, ita ma ta sha canza nata. Hannun rigar ne. An yanke hannun rigar.

Tana zaune kan kujerar ɗinki, ta ba keken baya, tef a wuya, rimot ɗin wasan bidiyo a cinya. Rana ta take, layin shagunan ya yi tsit, siket ɗin wata malamar makaranta na kwance ƙarƙashin allura, rabi a ɗinke. Leƙawa kawai ta ce za ta yi. Ta kunna tsohon talabijin ɗin da ke kan durowar zare, ta ga ko an zuba sababbin yaduka a kasuwar cikin wasan, ta kashe, ta koma kan aiki. Leƙawa kawai… sai ga Auta. Ƙaninta. Shi ɗin da jiya-jiyan nan ya ce mata a waya, "Yaya, wannan makon ba zan samu hawa wasan ba, aiki ya sha min kai."

Aiki. To, ga aikin nan tana gani da idonta.

Ga shi can tsaye a dandalin birnin da ke rataye a sararin samaniya, inda 'yan wasa ke taruwa kafin su sauka ƙasa su kara da dodannin ƙarfe. Sunansa ne a saman kan mutumin. Fuskar ma ita ce, har da ɗan tabon gira da ta sa masa da hannunta don ya dace da na gaskiya, wanda ya samu ranar da ya faɗo daga kan teburin yankan nan. Komai nasa ne. Amma rigar — ina rigar? Ina doguwar shuɗiyar nan mai saukowa har ƙasa, mai hannu har kan yatsu, wadda ta tsara masa tun yana sakandare? Wata 'yar guntuwa ce a jikinsa, ruwan toka, ta kama kafaɗa, ta tsaya cak a wuyan hannu, an bi bakinta da jan zare. Kuma kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, ga wata siririya mai takubba biyu, ita ma da jan zaren a bakin tata rigar. Kai ka ce tagwaye.

Matarsa. Wa kuma? 'Yar gilashin nan mai aikin gwajin jini a asibiti, wadda ko maɓalli ne ya tsinke mata sai ta ƙulle a leda ta ajiye har ranar da za su zo gari. Ita ce yau ta zama tela. Ita ce ta ɗauki almakashi.

Kishi? Haba. Wane irin kishi, mutum da ƙaninsa? Maganar sana'a ce kawai. Ba a sa hannu a ɗinkin wani sai an tambaye shi, ko tsohon da ke facin buhu a ƙarshen layin nan ya san wannan. In riga ta yi maka yawa, wurin wanda ya ɗinka ake mayarwa. Iyakar maganar ke nan. Ba kishi ba ne… to mene ne?

"Yaya, zo ki gani, akwai shagon tela a ciki." Da haka ya ja ta. A jakar makaranta ya shigo da na'urar, aron wani abokinsa, ita kuwa ta yi tsaki ta ce wasan yara ne, a bar mutum da aikinsa. Sai ya buɗe mata ɗakin madubi, ɗakin da ake ƙera mutum kafin a ba shi takobi. Ka ja ɗan layi hanci ya yi tsawo, ka ja wani kafaɗa ta buɗe, ka zaɓi murya, ka zaɓi irin tafiya. Sannan tufafi. Yadi iri-iri, ba ya ƙarewa, ba ya zuba a wanki, ga almakashin da in ka yi kuskure sai ka danna fasa, yadin ya koma yadda yake. Ta karɓi rimot ta ce bari ta ɗan gwada. Ranar ba a ɗora tukunya ba sai da ya fara ƙorafin yunwa.

Ta yanka masa rigar yadda take yanka masa kowace riga tun rasuwar Umma, lokacin ko famfara bai gama ba. Da yalwa. A bar wuri a kafaɗa, a bar wuri a hannu, a kalmashe saura a ciki, baɗi a warware. Yaro ai kamar kabewa yake, ka kwana ka tashi ya ƙaru.

"Yaya, ta yi min yawa."

"Za ka girma ka cika ta."

Ya yi dariya har ya kifa kan tarin ƙyallaye. "Yaya, mutumin cikin wasa ai ba ya girma." Ta ce ya bari dai a gani. Kuma ya bari. Ya gama sakandare da ita, ya gama jami'a da ita, ya sami aiki a wani gari ya tafi da ita. Duk ranar hutu in sun haɗu a dandalin nan, shi daga can ita daga nan shago, tun daga nesa take tsinto shi cikin taro: ga mai doguwar riga can yana share wa mutane hanya. Bai taɓa cewa a canza ba. Ko sau ɗaya. Sai da aka kawo mai gilashi.

A allon, shi da matar sun motsa. Sun nufi ƙofar sauka. Akwai inda ake dannawa a bi aboki da kallo ba tare da ya sani ba — ba leƙen asiri ba ne, masu wasan ne suka sa abin a wurin, ita ta ce su sa? Ta danna.

Tsohuwar tashar jiragen nan ce da tsatsa ta cinye. Nan fa. Duk faɗin wasan nan ba su sami wurin zuwa ba sai nan, inda ita da shi suka sha kashi har suka gode Allah kafin su gane kan wurin. Dodannin na ɓullowa daga ramuka, ƙafa shida-shida, ido ɗaya ja kamar garwashi. Ita ce a gaba kullum, da ƙaton takobinta mai faɗin ƙyaure, shi a baya da 'yan siraransa biyu yana tsince waɗanda suka zille. Tsaya bayana. Kamar a bakin titi da safe, hannunsa cikin nata, jakarsa a kafaɗarta, motoci na wucewa fuu — tsaya bayana, Auta, sai na ce ka taho.

Yanzu wa ke gaba? Shi. Da ƙaton takobi. Yaushe ya koyi ɗaukarsa? Dubi… dubi yadda ya kafa shi a ƙasa ya tare saran farko, ya bar dodon ya taho da nauyinsa, ya goce hagu, ya sare ƙafar baya. Nata ne wannan. Salonta ne, ita ta ƙirƙiro shi da yatsun nan da allura ta gama hudawa, ba wanda ya koya mata. Shekara da shekaru yana tsaye bayanta yana kallo, ashe haddacewa yake yi, ashe tanadi yake yi wa wata. Ita kuwa 'yar gilashin sai tsalle-tsalle take a bayansa, rabin saranta iska take sara. Ya dawo ya tare mata. Ya sake dawowa ya tare mata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma abin haushin, yarinyar ba ta da inda za a kama ta. Da ma marar kunya ce, da an san ta inda za a ɓullo mata. Kullum "Yaya, ina wuni," kullum "Yaya, ya ƙafar? Ki rage taka keken nan mana." Ita ce ma rannan ta karɓi wayar daga hannunsa, da muryar nan tata mai sanyi, "Yaya, ai ana shiga mutum uku. Ki riƙa zuwa ki zama ta ukunmu." Ta uku. Ita da ta goya shi tana taka keke, kansa na bugun bayanta da kowane taki. Ka gina gida da hannunka, a shimfiɗa maka tabarma a bakin ƙofa a ce bismilla. Ta ce to, in ta sami lokaci. Ba ta samu ba. Ba za ta samu ba.

Shi ya sa ya ce aiki ke nan… Ya rasa yadda zai ce mata yau da matarsa zai sauka. Ƙaryar tausayi, irin wadda ake yi wa tsofaffi da marasa lafiya. Ita ake lallaɓawa yanzu. Auta ne ke lallaɓa ta, Autan da take share wa majina da bakin ƙyalle.

Inuwa ta tare ƙofa. Mai gyaran takalmi ne na shagon kusa, aron almakashi ya zo. Ta miƙa masa ba ta juyo ba.

"Lafiya, tela?"

"Lafiya lau."

Ya tafi. Shi ko aron almakashi sai ya tambaya.

Akawun ɗin Auta… da lambar wayarta aka buɗe shi. Lokacin ina ya ga waya? Kuma bai taɓa canzawa ba, ko mantawa ya yi, ko yarda ce. Kada ta yi. Ba za ta yi ba, ita ba yarinya ba ce, mace ce mai shago, mai furfura a gaban goshi, ga siket ɗin malama na jira. Ba za ta yi ba. Ta fita daga nata. Ta rubuta sunansa. Wayar ta yi ƙara cikin gwangwanin allurai, ga lambobin sirrin sun iso, kamar da ma jiranta suke. Allon yana tambaya: akwai wanda ke kan wannan akawun yanzu, in aka shiga zai fita, a ci gaba? Yana tsakiyar faɗa. Yarinyar na bayansa, dodanni ta kowane gefe, in ya ɓace daga gabanta —

Wasa ne. Ba mutuwar gaske ba ce. A dandali za ta farka, ko gilashinta ba zai fashe ba. Kuma zai san ita ce, wa kuma ke da lambar? To ya sani mana. Kayanta ta zo dubawa.

Ta danna.

Ɗakin madubi. Ba kiɗa, ba ƙarar takobi, sai farin haske. Ga Auta tsaye, hannuwa a buɗe, kai a miƙe, yadda kowa ke tsayawa gaban tela. Yadda yake tsaya mata a nan, kan simintin nan, yana ƙunshe dariya don tef na yi masa cakulkuli a hammata. Tsaya mana, Auta. Daina motsi.

Wani ɗan rubutu ya fito a kusurwar allo: abokiyar tafiyarka ta faɗi. Ta ji daɗi. Ƙarya ne a ce ba ta ji ba. Ɗan kaɗan, kamar sukarin da ya maƙale a bakin cokali, kafin ta haɗiye ya narke.

Bari dai ta ga aikin. Ta juya shi, ta matso da shi. In kana neman aibin ɗinkin wani, daga kafaɗa ake farawa, nan sabon hannu ke tona wa kansa asiri. Kafaɗar… ta zauna. To hammata. Ta zauna. Baya, inda yadi ke taruwa ya yi jaka in ba a iya ba — sumul. Wuyan hannu, daidai kan ƙashin, ba ƙari ba ragi. Ta sake juya shi. Ta sake. Dole akwai wani wuri, yarinyar da ba ta taɓa riƙe alli ba? Bakin rigar fa, jan zaren? Ya yi ƙyalli da yawa, ya yi… a'a. Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Tsaya. Ba rigar kaɗai aka taɓa ba. Jikin ma. Wannan ba siririn yaron da ta ƙera ba ne, mai wuya kamar na zakara. An buɗe masa kafaɗa, an cika masa ƙirji, har da ɗan tumbin nan da ya fara ajiyewa tun da ya sami kujerar ofis, ba a ɓoye ba, an sa masa abinsa. Haka yake kuwa. Haka ya shigo shagon nan zuwansu na ƙarshe, sai da ya sunkuya a ƙofa, ta ce masa ya rame. Ya rame! Ina ta ga ramar?

Da wane tef yarinyar ta auna shi? Ba ta da tef. Da ido… da hannu. Kullum yana gabanta, ta san inda kafaɗarsa ta ƙare yadda mutum ke sanin matakalar gidansu. Ita kuwa rabonta da ta ɗora masa tef — yaushe? Kayan aurensa ma ba ta auna ba. Ta ce awon Auta a kanta yake, wa zai gaya mata awon Auta? Ta ƙara yalwa kamar kullum. Ga hoton can a bango, saman dutsen guga, yana murmushi, kan yatsunsa kawai suka leƙo daga hannun rigar. Ranar ta gan shi yana ta naɗe hannun kafin ya gaisa da mutane, ya naɗe ya zame, ya naɗe ya zame. Daɗi ta ji. Ta ce a ranta, akwai sauran wuri.

Ina shuɗiyar? An jefar, ta sani, an goge ta kamar ba a taɓa yi ba. Ta buɗe durowar kayansa ta cikin wasan don ta gani da idonta, don ta sami abin riƙewa… tana nan. A gurbin farko, sama da komai. Ba a taɓa ko zare ɗaya ba.

To. Madalla. Ta cire masa tokar, ta sa masa abarsa.

Hannun ya haɗiye yatsu, ya haɗiye har mariƙin takobi. Kafaɗar ta zubo ta rataya a dantse. Gindin rigar na jan ƙasa. Kamar yaron da ya saci rigar babansa ya fito tsakar gida. Haka take? Haka take tun da can? Da wani tela ne ya yi wannan aikin, da ta kira 'yan layi su zo su sha dariya. Da kwastoma ne, ba za ta bari ya taka ƙofar shagonta a haka ba, sunanta ne zai ɓaci. Shi kuwa shekara da shekaru yana yawo a haka cikin baƙi, 'yan wasa daga ko'ina a duniya suna kallonsa. Ba su yi masa dariya ba? Sun yi. Dole sun yi. Bai taɓa kawo mata ƙara ba, shi da ko harararsa aka yi a makaranta sai ta ji.

An buɗe masa kafaɗa, an cika masa ƙirji, ya zama magidanci har da tumbi, kuma har yanzu bai cika ta ba. To yaushe zai cika? Wane girma kuma ya rage masa? Ko dai… ko dai ba don a cika aka yanka ta ba?

A'a. Ba haka ba ne. Yadi ne ke da wuyar samu lokacin, kowa ma haka yake yi wa yaransa, a tambayi kowace uwa. Dabara ce, tattali ne. Amma yadin cikin wasa ai kyauta ne. Ya faɗa mata tun ranar, yana dariya kan ƙyallaye…

Wayar na ruri cikin gwangwani, allurai na rawa. Auta. Ta bar ta ta gaji ta yanke. Saƙo ya shigo: "Yaya, ke ce kika shiga?" Ba ta taɓa ba. Wani ya biyo baya: "Lafiya dai ko? Ko ƙafar ce ta tashi?"

Ba faɗa. Da ma faɗa ya yi. Da ya ce Yaya me ya kai ki, da ta san abin da za ta ce, tana da magana cike da baki, tun daga goyo har kayan makaranta. Amma ƙafa? Kuma tana iya jin muryar da ke gefensa, mai sanyin nan — tambaye ta ko ƙafar ce. Su biyu kan kujera ɗaya, kai a haɗe kan waya ɗaya, suna tausayinta.

Za ta gyara. Ai ita ce tela. Shuɗiyar za ta rage, ta zauna masa ɗas, ya gani da idonsa wa ya iya, jan zare ya koma inda ya fito. Aikin ɗan lokaci ne. Ta kama layin hannun riga ta fara ja baya. Yatsu sun fito. Ƙara kaɗan. Ga bayan hannu, ga ƙashin wuyan hannun… nan. Nan ne daidai. Kafaɗa kuma, a ɗaga ta ta hau kan — kan me? Kan kafaɗar da yarinyar ta ƙera. Duk inda ta tsayar da layin nan, awon yarinyar take bi. Ta gama ta duba, rigar yarinyar ce za ta fito, shuɗiya kawai.

To ta mayar da jikin yadda yake da, yadda ita ta san shi. Tana iyawa, layi ne kawai za a ja. Ta rage kafaɗa, ta shafe ƙirji, ta cire tumbin, ta dawo da wuyan zakaran. Sai ta sami wa? Ɗan sakandare mai jakar aro. Shi za ta mayar wa mutumin da ke sunkuyawa a ƙofarta? Ya buɗe wasan gaban matarsa ya tarar da…

Maɓallai biyu a ƙasan allo: ajiye, fasa. Hannu ɗaya na rigar ya tsaya a wuyan hannu, ɗayan har yanzu yana lilo ya rufe yatsu. Wayar ta sake ɗaukar ruri. Siket ɗin malama na nan, rana ta fara karkata ta shigo ƙofa, tef ɗin ya yi mata nauyi a wuya kamar an jiƙa shi. Ita dai ta gaji. Shi kuwa yana tsaye, hannuwa a buɗe, yana jiran ta gama, yadda ya saba jira, ba zai ce ta yi masa yawa ba, ya daina faɗa tun tuni.

Layin na ta zamewa, gaba, baya, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Tsaya mana, Auta… daina motsi.

Ba shi ke motsi ba. Hannunta ne.